Yadda hoto guda ke iya ɓalle ƙofar waya

A ranar 7 ga Satumbar 2023, wata cibiyar bincike mai suna Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada ta fitar da sanarwar da ta hana masana kwamfuta barci. Masu binciken sun duba wayar iPhone ta wani ma'aikacin ƙungiyar farar hula a babban birnin Amurka, suka tarar an dasa mata Pegasus, manhajar leƙen asirin da kamfanin NSO na Isra'ila ke sayarwa. Mai wayar bai latsa komai ba, kuma bai ba kowa lambar sirrinsa ba. Saƙo aka turo masa ta iMessage da hoto a ciki. Wayar ta fara karanta hoton da kanta, daga nan aka shige ta.

Kafin mako ya zagayo, Apple ya fitar da gyara, Chrome da Firefox da Edge ma duk suka bi sahu da gaggawa. Me ya haɗa kamfanonin da ke gasa da juna a kan ciwo ɗaya? Kuma ta yaya hoto, abin da muke turawa juna safe da yamma a WhatsApp, zai zama mabuɗin ɓarawo? Amsar tana cikin wani ɗan aiki da kowace waya ke yi kafin ta nuna mana hoto, wato auna wurin da za ta zuba shi. Ƙannenmu, ku matso kusa, domin lissafin da ke ciki bai wuce wanda kuke yi a aji ba.

Hoto lambobi ne

Idan kuka ɗauki hoto a waya kuka yi ta buɗa shi da yatsu, za ku ga ya koma ƙananan murabba'ai masu launi. Kowane murabba'i ɗigo ɗaya ne, wanda masana ke kira fiksel. Waya na adana launin kowane ɗigo da lambobi: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, sau da yawa kuma da na huɗu mai nuna ko ana iya hango abin da ke bayan ɗigon. Kowace lamba tana cin gurbi ɗaya da ake kira bayit. Ke nan ɗigo ɗaya na cin bayit 4.

Mu ɗauki hoto mai faɗin ɗigo 4,000 da tsawon ɗigo 3,000. Ɗigo miliyan 12 ke nan. A ninka da 4, ya zama bayit miliyan 48, wato kimanin megabayit 48. Amma idan kuka duba girman irin wannan hoton a wayarku, da wuya ya wuce 'yan megabayit kaɗan. Dalili shi ne an matse shi, kamar yadda ake danne auduga a buhu. JPEG da PNG da GIF da WebP duk hanyoyin matse hoto ne. Kafin ido ya ga hoton, dole waya ta kwance matsin, ta baje ɗigon duka a cikin memorinta, wato ma'adanar wucin gadi da take aiki da ita, wadda ake rubuta girmanta da sunan RAM a jikin kwalin waya.

Mai gina manhaja ba ya zama ya rubuta umarnin kwance hoto daga farko. Akwai tarin umarni da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye don kowa ya ara, ana kiransa laburare. Na JPEG shi ne libjpeg, wanda ya fito a 1991. Na PNG shi ne libpng, na 1995. WebP kuwa Google ne ya fito da shi a 2010, laburarensa shi ne libwebp. Kyauta ake ɗaukarsu, shi ya sa dubban manhajoji ke ɗauke da su. Abin ya yi kama da unguwar da ke shan rijiya ɗaya. Ranar da wani abu ya faɗa cikin rijiyar, kowane gida sai ya ji a randarsa. Abin da ya haɗa Apple da Chrome da Firefox ke nan a 2023.

Buhu da mudu

Kowane fayil na hoto yana farawa da ɗan bayani a kansa: faɗina kaza ne, tsawona kaza ne, an matse ni ta hanya kaza. Laburare na karanta wannan bayanin, ya yi lissafi, sannan ya roƙi waya ta ware masa wuri daidai da abin da lissafin ya ba shi. Yawancin waɗannan laburaren an rubuta su ne da harshen kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. A harshen C, umarnin neman wuri shi ne malloc. Ka faɗa masa yawan bayit ɗin da kake so, ya nuna maka inda wurinka ya fara.

Ga inda gizo ke saƙar. Harshen C ba ya tsaron iyaka. Idan ka nemi gurbi 100 sannan ka zuba abu a gurbi na 150, ba zai hana ka ba. Abin da ka zuba zai hau kan kayan maƙwabci.

Ku ɗauka wani ya aiko wa mai shago takarda cewa zai kawo ajiyar gero mudu 10. Mai shago ya ware buhu mai cin mudu 10 a tsakiyar sauran buhunan mutane. Da mutumin ya iso sai ya fara juye mudu 40, mai shago kuma bai tsaya ƙirgawa ba. Geron zai tumbatsa ya gauraye da shinkafar wani da garin wani. A cikin waya, maƙwabcin nan na iya zama wata lamba da ke gaya wa manhaja umarnin da za ta bi na gaba. Idan tumbatsar ta tsautsayi ce, manhajar za ta rufe kanta kawai. Idan kuwa ɗan kutse ne ya tsara ta, ya riga ya auna abin da zai zube da inda zai zube, har ya sauya waccan lambar da tasa, manhajar ta koma bin umarninsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin lura shi ne wanda ya rubuta takardar da wanda ya kawo geron mutum ɗaya ne. Duk abin da ke cikin fayil, wanda ya turo shi ne ya rubuta, kuma yana iya yin ƙarya.

Lissafin da ke komawa sifiri

Wani zai ce ai abin da sauƙi, a ninka faɗi da tsawo da 4, a ware wurin. Matsalar ita ce kwamfuta ma tana da iyakar ƙirge. Ku tuna mitar babur mai gurbin lamba biyar. Idan ta kai 99,999 aka ƙara kilomita ɗaya, sai ta koma 00,000. Haka agogo yake: ƙarfe 11 a ƙara awa 3, ƙarfe 2 za a samu. Wannan shi ne lissafin saura da ake koya muku a ajin farko na babbar sakandare.

Akwatin ƙirge da aka daɗe ana amfani da shi a kwamfuta yana da gurbi 32 na sifiri da ɗaya. Lamba mafi girma da zai iya ɗauka ita ce 4,294,967,295. A ƙara ɗaya, ya koma sifiri.

To, ga fayil ya zo yana cewa faɗinsa 32,769 ne, tsawonsa 32,768. Ku ɗauki biro ku ninka su, sannan ku ninka da 4. Za ku samu 4,295,098,368. Wannan ya fi ƙarfin akwatin, don haka zai zagayo ya nuna 131,072 kacal. Laburaren da bai yi hattara ba zai nemi wuri mai cin bayit 131,072, waya ta ba shi ba musu tunda ɗan kaɗan ne, sannan ya fara juye hoton da ke buƙatar sama da bayit biliyan 4. Lissafi ne ya ci amanarsa tun kafin ya fara aiki.

Ɗebewa ma na yin irin wannan ɓarna. A watan Satumbar 2004 Microsoft ya fitar da gyara kan wata ɓaraka a yadda Windows ke karanta JPEG. A cikin JPEG akwai wurin rubuta ɗan sharhi, kuma lambar da ke faɗin tsawon sharhin tana haɗawa da bayit 2 na ita kanta lambar. Saboda haka manhajar kan ɗebe 2 don ta san tsawon rubutun. Ba wanda ya tanadi abin da zai faru idan fayil ya ce tsawon sifiri ne ko ɗaya. Sifiri a ɗebe 2, mitar ta juya da baya ta nuna sama da biliyan 4, manhajar ta kama kwafar kaya ba tsayawa. Kallon hoto kawai ya isa a kama kwamfutar mutum.

A 2015 wani mai bincike, Joshua Drake na kamfanin Zimperium, ya gano irin waɗannan kurakuran lissafi a Stagefright, laburaren da Android ke karanta bidiyo da shi. An ƙiyasta abin ya shafi wayoyi kimanin miliyan 950, kuma saƙon MMS guda na iya tayar da shi. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro na Android wata-wata. A 2021 kuma Citizen Lab ta kama wani harin na Pegasus da ya zo da fayil mai sunan GIF, alhali a ciki PDF ne ɗauke da wani nau'in hoto da ake kira JBIG2. Shi ma juyewar lissafi ce ta buɗe masa ƙofa.

Matakan auna wuri lafiya

Daga irin waɗannan darussa ne masu kula da laburaren hoto suka daina kiran malloc kai tsaye. Sukan rubuta wani ɗan umarni mai gadi, duk mai neman wuri sai ya bi ta hannunsa. A libwebp sunansa WebPSafeMalloc. Ga abubuwan da ake so irin wannan mai gadi da abokan aikinsa su tabbatar.

Na farko, a gwada lissafi kafin a yi shi. Dabarar ita ce a yi rabawa kafin ninkawa. Mu ƙaddara akwatinmu ba ya wuce 999, kuma ana so a ninka 40 da 30. Sai a fara raba 999 da 40, a samu 24 da saura. Tunda 30 ta fi 24, an san amsar ba za ta shiga akwatin ba, sai a ƙi fayil ɗin nan take. Da an ninka kai tsaye, 1,200 za a samu, akwatin ya nuna 200. Shi ya sa mai gadin ba ya karɓar jimla da aka riga aka ninka. Lambobi biyu yake karɓa, yawan abubuwa da girman kowanne, ya ninka da kansa.

Na biyu, a sa rufi. Ko lissafi bai juye ba, ƙaramin fayil na iya cewa shi hoto ne mai ɗigo biliyoyi, ya sa waya ta ƙarar da memorinta ta sandare. Ana kiran irin wannan fayil bam ɗin matsi. Tsarin WebP bai yarda faɗi ko tsawo ya wuce ɗigo 16,383 a hoto guda ba. Libpng kan ƙi hoton da faɗinsa ko tsawonsa ya haura ɗigo miliyan ɗaya, sai dai in mai manhaja ya ɗaga iyakar da kansa. Pillow, laburaren hoto na harshen Python, yana yin gargaɗi idan ɗigon hoto ya haura kimanin miliyan 89, ya kuma ƙi buɗewa idan ya ninka haka.

Na uku, a duba ko an samu wurin. Wani lokaci waya na amsawa da cewa babu wuri. Manhajar da ba ta saurari amsar ba za ta ci gaba da zuba kaya a inda ba a ba ta ba.

Na huɗu, a share wurin kafin a yi amfani da shi. Wurin da aka ba ka, wani ne ya tashi daga cikinsa, kuma ragowar kayansa na nan. A 2017 wani mai bincike, Chris Evans, ya nuna cewa da fayil mai bayit 18 kacal ana iya sa kwamfutocin Yahoo Mail su dawo da gutsattsarin hotunan wasu mutane. Laburaren ImageMagick ne ya ware wuri bai share ba, fayil ɗin kuma bai zuba komai a ciki ba, sai tsohon abin da ke wurin ya fito a matsayin hoto. Kamar a ba ka allon da ba a wanke ba ne, ka karance rubutun wanda ya riga ka.

Na biyar, a mayar da wuri idan an gama, sau ɗaya tak, kuma kada a sake taɓa shi bayan an mayar.

Abin da ya faru da WebP

Abin mamaki, libwebp na da mai gadinsa a 2023, kuma mai gadin ya yi aikinsa. Ɓarakar ta fito ne ta wani gefen. Wani nau'in WebP yana matse hoto da dabarar da David Huffman ya wallafa a 1952, wadda ya gano yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka: abin da ya fi yawan maimaituwa a ba shi gajeriyar alama, wanda ba ya yawan zuwa a ba shi doguwa. Kafin a kwance hoton, laburare na gina jadawalin waɗannan alamomi daga bayanin da ke cikin fayil.

Masu libwebp sun riga sun lissafa iyakar girman da jadawali ingantacce zai iya kaiwa, suna ware wuri daidai da haka. Lissafin daidai yake ga fayil mai gaskiya. Masu kutsen sai suka ƙera bayanin jadawali na bogi, wanda laburaren ba ya gane lalatacce ne sai bayan ya riga ya rubuta wani ɓangarensa a wajen iyaka. Gyaran da ya fito a libwebp 1.3.2 ya sauya tsarin aikin: a fara bin bayanin ba tare da rubuta komai ba, a ƙirga wurin da zai ci, a ƙaro wuri idan bai isa ba, sannan a rubuta. Darasin shi ne ware wuri lafiya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tabbatar da cewa abin da za a zuba bai fi wurin ba.

Masu farautar ɓaraka

Ba a zauna jiran 'yan kutse ba. Akwai manhajojin da aikinsu shi ne su ɗauki fayil su yi ta lalata shi ta hanyoyi miliyoyi, suna cusa wa laburare, suna jiran wanda zai kayar da shi. Duk fayil ɗin da ya sa laburare ya faɗi, ya nuna tsagar da za a liƙe. A ƙarshen 2016 Google ya buɗe shirin OSS-Fuzz, wanda ke yi wa ɗaruruwan manhajojin kyauta wannan gwajin dare da rana. Duk da haka ɓarakar WebP ta kuɓuce masa, saboda sai an jera sharuɗɗa da dama daidai kafin ta bayyana.

Wannan ya ƙarfafa masu cewa a sauya harshen gaba ɗaya. A 2019 Microsoft ya ce kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake gyarawa duk shekara daga kuskuren memori suke. A 2020 masu gina Chrome suka faɗi kusan wannan adadin game da manyan matsalolinsu. Sababbin harsuna irin su Rust, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2015, suna duba iyaka da kansu. Idan umarni ya nemi zuba abu a gurbi na 150 alhali 100 aka ware, sai a tsayar da shi. Google ya ce a Android, kason ɓarakar da ta shafi memori ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, bayan an karkata ga rubuta sabon umarni da irin waɗannan harsuna.

Mu fa, ina ruwanmu?

Kada wani ya firgita ya daina buɗe hoton biki. Makami irin Pegasus na da tsadar gaske, gwamnatoci ake sayar wa, kuma waɗanda aka fi samu a wayoyinsu su ne 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutukar kare haƙƙin jama'a. Sai dai akwai inda abin ya shafe mu. Da zarar an fitar da gyara, duniya ta san inda tsagar take. Wanda ya sabunta wayarsa ya tsira, wanda bai sabunta ba kuma ƙofarsa na nan a buɗe, ga shi yanzu ƙananan ɓarayi ma sun san hanya. A gidajenmu da yawa wayar da ke hannun ɗalibi ta gado ce daga yaya ko baba, kuma saƙon sabuntawa shi ne abin da aka fi turewa gefe saboda tsadar data.

Saboda haka ga abin da za ku iya yi. Ku shiga saitin waya, ku nemi bayanin waya, ku duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Idan akwai sabuntawa da ke jira, ku yi ta ranar da kuka samu data ko Wi-Fi. Ku riƙa sabunta Chrome da WhatsApp da sauran manhajoji daga Play Store ko App Store, domin kowacce na iya ɗauke da nata kwafin laburaren, kuma ko wayar ta ɗan tsufa, galibi su ana ci gaba da gyara su. Ku guji jabun WhatsApp da ake turawa ta Xender, domin ba wanda ya ɗauki alhakin liƙe tsagarsu. Ku kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, musamman a manyan zaurukan da ba ku san kowa ba. Wannan zai rage muku cin data ma. Ku kuma taimaka wa iyayenku su duba nasu wayoyin, tunda galibi ku ake miƙa wa waya idan ta rikice.

Ga masu sha'awar karanta kwamfuta a jami'a kuma, ku riƙe darasin tushen lamba da lissafin saura da kyau. Mu da muka riga ku shiga, su muka tarar suna jiranmu tun a shekarar farko. Libpng da libwebp a buɗe suke, kowa na iya karanta umarninsu a intanet kyauta, kuma ba a tambayar mai kawo rahoton ɓaraka daga wace ƙasa yake ko shekarunsa nawa.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Wani fayil ya ce faɗinsa 65,536 ne, tsawonsa ma 65,536, kuma kowane ɗigo bayit ɗaya yake ci. Idan akwatin ƙirge mai gurbi 32 ne, wuri nawa laburaren da ba ya gwada lissafi zai nema? Ku yi shi da biro da takarda, sannan ku nuna wa malamin lissafinku amsar.